Hukuncin Filin Idi da Haƙƙin Wanda Aka Rushe wa Dukiya

A ƙarshen watan Satumba na 2023, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, ƙarƙashin Mai Shari'a Simon Amobeda, ta umarci gwamnatin jiha da ta biya diyyar naira biliyan 30 ga 'yan kasuwar da aka rushe wa shaguna a Filin Idi na bakin Ƙofar Mata, rusau ɗin da aka yi jim kaɗan bayan hawan Gwamna Abba Kabir Yusuf. Hujjar gwamnati ita ce tun asali bai dace gwamnatin tsohon Gwamna Ganduje ta yanka filin sallah ta raba ba, kuma mutanen cikin birni da dama suna da wannan ra'ayi.

Sai dai kuskuren wanda ya raba fili ba ya halatta tura katafila kan dukiyar wanda ya zuba jarinsa yana riƙe da takarda. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana karɓe kadarar mutum sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa, tare da biyan diyya ba da jinkiri ba, yayin da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta bai wa gwamna ikon soke mallaka domin maslahar jama'a, ta ɗaure shi da sharaɗin ba da sanarwa. Wanda aka keta wa wannan haƙƙi yana iya neman kotu ta bayyana haramcin aikin, ko ta ba da umarnin hani, wato dakatar da ɓarna kafin ta ƙaru, ko kuma ta yanka masa diyya, wadda takan zarce asarar da aka yi idan alƙali ya ga akwai buƙatar tsawatar wa hukuma.

Wahalar tana wajen karɓa. Mai hukunci a hannu kan nemi kotu ta riƙe kuɗin wanda ake bi da ke ajiye a banki, amma sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya shardanta amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, abin da ke mayar da wanda ake bi mai tsaron ƙofar taskarsa, kuma gyaran wannan sashe ya daɗe da wajaba. 'Yan kasuwar sun bi sawun asusun jihar har Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, inda a watan Disamba na 2023 aka yi sulhu a kan naira biliyan 3, kashi ɗaya cikin goma na abin da kotun Kano ta yanka musu.