Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan Canjin Faifai: Kada A Yi Gaggawar Fomatin

A shagunan buga takardu na Kaura Namoda, musamman masu cin kasuwar ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da ma wuraren kwamfuta na Shinkafi da Zurmi, akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutane. Wai idan aka sa wa kwamfuta sabon faifan ajiya ta ƙi tashi, to komai ya salwanta, sai fomatin. Wasu kan ƙara da cewa mai gyara ne ya yi musanyen kaya, ko faifan ne ya zo da cuta. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015 batun ya ƙara nauyi, domin a cibiyar jarrabawa sabar guda ce ɗaki gaba ɗaya ke dogaro da ita. Amma mafi yawan waccan magana ta fomatin ba gaskiya ba ce.

Da an kunna kwamfuta, ƙaramar manhajar da ke cikin allonta, BIOS ko UEFI, ita ke fara farkawa, ta bi jerin da aka tsara mata tana neman faifan da zai tayar da Windows ko Linux. Sabon faifai na iya shiga gaban tsohon a wannan jeri, sai ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa ta tsaya. A Linux kuwa, faifan da jiya ake kira sda yau yana iya komawa sdb, alhali fayil ɗin fstab na nan yana kiran tsohon suna. Kamar ɗan aike ne da aka ce wa gida na biyu daga kwana, sai aka gina wani a tsakani. Shi ya sa masana ke rubuta lambar UUID, wadda ba ta canzawa da canjin wuri. Haka ma kwamfuta kan ƙi tashi idan aka kwafi faifai mai tsarin MBR aka ɗora shi kan injin da aka saita a UEFI zalla, ko batirin CR2032 na allon ya mutu saiti ya koma na masana'anta. A duk waɗannan, takardu da hotuna da rajistar ɗalibai suna nan ba abin da ya taɓa su.

Mai musu zai ce ai an sha yin fomatin kwamfuta ta tashi garau. Haka ne, domin sabon girki yana sake rubuta hanyar tashi, amma da shekarun aikin mai shago aka biya kuɗin gyaran da minti goma a saiti zai wadatar. A ranar 19 ga Yuli, 2024, kuskuren sabunta manhajar CrowdStrike ya hana kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 tashi a duniya, har jirage suka kasa tashi. Maganin shi ne goge fayil guda, ba fomatin ba.

Akwai dai inda jita-jitar ke da gaskiya. Ɗaukewar wuta ko mutuwar janareto ana tsakiyar kwafi na iya lalata tsarin faifai. Faifan da ke ƙas-ƙas yana kan hanyar mutuwa ne, kuma kowane sake kunnawa ƙara masa rauni yake. Sabar mai RAID, wato faifai da dama da aka haɗa su zama ɗaya, tana iya rasa komai idan aka amsa mata tayin sabunta su da ka. Faifan da aka kulle da BitLocker kuma zai iya neman mabuɗinsa mai lamba 48, kuma duk wanda bai adana shi ba ya shiga uku.

Zargin musanye ma yana da sauƙin warwarewa, tunda kowane faifai na da lambarsa a jiki, a rubuta ta kafin a miƙa. Mai shago, kafin ka yarda a goge, ka sa a cire sabon faifan a gwada tsohon shi kaɗai, sannan a tayar da injin daga filashi a kwashe fayilolinka a gabanka.