Ginin dutse ba siminti: Turawa na neman magada, mu ma muna da namu a Adar

A shekarar 2018 ne hukumar UNESCO ta sanya sana'ar gina katangar dutse ba tare da siminti ko laka ba cikin jerin al'adun gado na duniya, bisa buƙatar ƙasashe takwas na Turai, cikinsu har da Faransa, Italiya da Girka. A 2024 aka ƙara wasu biyar, har da Baljiyam. Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin gado a jibga duwatsu? Wanda ya taɓa gwadawa ya san amsa.

Maginin yakan fara da shimfiɗa manyan duwatsu a gindi, sannan ya tayar da fuska biyu, yana cika tsakiyarsu da ƙananan duwatsu. Kowane dutse sai ya hau kan biyu, don kada tsaga ta miƙe daga sama har ƙasa. Can tsakiyar tsayi yana gitta dogayen duwatsu masu ɗaure fuskokin biyu, kuma katangar tana ƙara sirancewa yayin da take hawa. Nauyi kawai ke riƙe ta. Babban amfaninta shi ne ruwa na bi ta ƙofofinta ya wuce, ƙasa kuwa ta tsaya, inda katangar siminti takan tare ruwan har ya ture ta.

Matsalar Turai ita ce matasa sun bar ƙauyuka, tsofaffin magina kuma suna ƙarewa. A yankin Cinque Terre na Italiya, inda gonakin inabi ke jere hawa-hawa a jikin tsauni, an yi watsi da gonaki da dama, katangu suka yi ta zubewa. A watan Oktoba na 2011 ruwa mai ƙarfi ya kwaso laka da duwatsu ya afka wa garuruwan Vernazza da Monterosso, har aka rasa rayuka. A Faransa kuwa, maginan yankin Cévennes sun kafa ƙungiya, suka dage har aka samar da takardar shaidar ƙwarewa a wannan sana'a, ta yadda saurayi zai koya, a jarraba shi, ya fita ya nemi kwangila kamar kowane ma'aikaci.

Wannan batu bai yi mana nisa ba. Duk wanda ya bi ta Kaita a jahar Tawa ya ga layukan duwatsu kwance a kan fako da gangaren tuddai. Aikin raya karkara na Kaita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon hukumomin FAO da PAM, shi ya baza su a Adar, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka, ana biyansu da abinci. Ana jera duwatsun ne bisa layin da aka auna daidai da kwanciyar ƙasa, don ruwan sama ya rage gudu ya nutse. Filayen da ko ciyawa ba sa fiddawa sun koma ba da gero da dawa.

Sai dai layin dutse ba a yinsa a manta da shi. Kowace damina ruwa na huda wani wuri, dabbobi na ture wani, kuma in ba a gyara ɓarakar ba, nan ruwan zai taru ya haƙa kwazazzabo. Matan da suka yi aikin a shekarun 1980 yau sun manyanta, samari da yawa kuma sun tafi ci-rani. A ganina, cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumominmu, da ke koyar da ɗinki da walda da kafinta, ya dace su buɗe ajin awon gangare da jera dutse, su ɗauko waɗannan iyaye mata na Kaita su zama malamai, a biya su da kuɗi.