Wa Zai Biya Tafinta a Abakpa Nike?

A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin mai da Turanci harshen hukuma a Amurka. Masu goyon baya sun daɗe suna kukan cewa baƙi na cinye dukiyar ƙasa, kuɗin tafinta da fassara kuma asara ne. Mu ma muna da irin wannan gardama, sai dai baƙonmu ɗan ƙasa ne. Bahaushen da ya kama ɗaki a Abakpa Nike da ke Inugu, ko a Anaca, ko a Fatakwal, sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar zama inda ya ga dama, amma har gobe ana yi masa kallon kaya da aka ɗora wa gari.

Lissafin bai nuna haka ba. Mai albasa da mai shanu suna biyan kuɗin haya da na rumfa da tikitin kasuwa, ga abin da ake karɓa a shingayen hanya kafin mota ta sauke kaya. Koyon harshe ma bai jira doka ba, ciniki ne ya koya musu Ibo da Buroka. Malam Umaru Altine, falken shanu daga ƙasar Sakkwato, a kasuwa da siyasar jam'iyyar NCNC ya yi suna, har mutanen Inugu suka zaɓe shi magajin gari na farko a shekarun 1950.

Za a ce ƙasa mai harsuna fiye da 500 ba ta da mafita sai Turanci, kuma ba za a ajiye wa kowace ƙabila tafinta ba. Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa sashe na 55 ya sa Turanci gaba a Majalisar Tarayya, ya jingine Hausa da Ibo da Yarabanci har sai an yi tanadi. Amma wannan zancen 'yan majalisa ne. Sashe na 36 ya wajabta ba wa wanda ake tuhuma tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu, domin hukunta mutum da maganar da bai fahimta ba zalunci ne. Asibiti ya fi ɗaga mini hankali: uwar da ta kasa gaya wa likita tun yaushe zazzaɓi ya kama ɗanta, ko ta juya ƙa'idar shan magani, za ta dawo da yaron a galabaice, kuma jinyar za ta ci abin da ya ninka ladan tafinta.