Rangwamen lampo ga masu jinyar iyaye: ina rabon matan Baudeta?

A garuruwan karkara irin su Baudeta, cikin yankin Tasawa na jihar Maraɗi, idan tsoho ya kwanta ciwo ba a ɗauko ma'aikacin jinya. Ɗiyarsa ko matar ɗansa ita ke dama masa kunu, ta wanke masa tufafi, ta juya shi bisa tabarma, ta kwana kusa da shi. In kaka ta wuce, samari suka tafi cin rani Kano ko Agadas ko Libiya, nauyin sai ya ninka. Aikin ga ba shi da albashi, ba shi da ranar hutu. Amma yana da tsada: mai jinya ba ta samun zuwa gamanarta, ba ta toya ƙuliƙuli ta aika kasuwa, kuma sau da yawa yarinya ake fiddawa daga lakkol don ta kama mata.

Ba mu kaɗai ba ne. A shekarar 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa cewa kashi 76 cikin 100 na aikin kula da iyali da ba a biya, mata ke yin sa. Don haka waɗansu ƙasashe suka nemi hanyar saka wa masu jinya. A Kanada, dokar 2017 ta rage lampo ga mutumin da ke riƙe da ɗan'uwa naƙasasshe ko gajiyayye. Sai dai ku lura da kyau, masu karatu: ragin ana cire shi ne daga lampon da ake bin mutum. Wanda samunsa bai kai a bi shi kome ba, ba ya karɓar ko dala. Ingila ta bi wata hanya tun 1976: kuɗi take ba wanda ke jinya awa 35 ko fiye a mako. Abin mamaki, shekara goma aka yi ana hana matan aure kuɗin, wai jinya dama aikinsu ne, sai a 1986 kotun Turai ta rushe wannan hukunci. Faransa kuwa sai a 2020 ta fara biyan ma'aikacin da ya ajiye aikinsa don ya kula da wani nasa.

Mu komo gida. Kundin lampo na Nijar na 2012 ya yi wa mai albashi sassauci gwargwadon bakunan da ke wuyansa, matarsa da ƴaƴansa: kashi 5 cikin 100 ga baki guda, har kashi 30 ga baki 7. Doka ce mai kyau, amma ta malamin lakkol ce da likita da ma'aikacin ofis. Manomin gero da wake na Baudeta ko na Mayahi ba shi da takardar albashi, balle matarsa.

To, wane lampo manomi ya sani? Tsofaffi ba su manta da lampon kai ba, wanda tun zamanin Nasara yake sa a saida akuya ko a buɗe rumbu ba lokaci ba, har gwamnatin Seyni Kunce ta soke shi cikin shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyam suka shigo. Abin da aka fi sani bayansa shi ne ɗan harajin da masu gari ke tarawa kowace shekara, wanda ya koma asusun ƙananan hukumomi bayan zaɓen 2004. In an yafe shi ga gidan da ke da majinyaci, an kyauta, amma kuɗin ba su kai na magani da motar Tasawa ba. Kuma maigida ne ke biya, saboda haka aljihunsa ragin zai faɗa, ba hannun wadda ke wanke tsumma ba. Nan ne, a ganinmu, dabarar Kanada ta kasa.

Abin da ya taɓa isa hannun matan karkara, ba ta hanyar lampo ya bi ba. A 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da matan da aka yi wa aiki wajen haihuwa. A 2011 aka buɗe shirin tallafin gidaje marasa ƙarfi tare da Bankin Duniya, jihar Maraɗi na ciki: jika 10 kowane wata har shekara 2, kuma mace ake danƙa wa kuɗin. An zaɓi gidajen ne bisa talauci, ba bisa jinya ba, amma hanyar biya ta riga ta samu, an kuma gwada ta.

Saura ƙidaya. Kowane mai gari yana da rajistar magidanta da yake karɓar haraji da ita. Ƙaramar hukuma tana iya ƙara layi guda cikinta: gidan da ke da kwantaccen tsoho ko naƙasasshe, da sunan wadda ke jinyarsa, malamin asibiti ya sa hannu.