Cefane Da Kwanon Gida: Gyaran Da Ya Kamata Mu Fara Daga Alabar

 'Yan uwa, maganarmu a yau kan cefane ce, da tarin ledar da yake bari a bayansa.

Alabar ba ta da nisa da kasuwar Kejetia, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Babu abin da gida ke buƙata wanda ba a samunsa a can da buhu ko da galan. Amma duk da wannan kusanci, yawancinmu a ƙulle-ƙulle muke saye: sukari ƙulli, manja ƙulli, omo 'yar leda, koko a leda, sannan a haɗa su duka a baƙar leda. Mai sayen ƙulli sau biyu yake biya. Ya biya kuɗin kaya har da ribar hannuwan da suka raba shi, sannan ya biya mai aboboya ya kwashe bolar. Wadda ba a kwashe ba kuwa kwata take faɗawa, ta toshe hanyar ruwa, sauro ya samu gida a bakin masallatan da muke alwala. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni, 2015 a Accra ba, inda ambaliya da gobara suka haɗu a Kwame Nkrumah Circle, mutum kusan 150 suka rasu, kuma toshewar magudanan ruwa na cikin abin da ya tsananta lamarin.

Turawa yanzu suna buɗe shaguna na musamman inda mutum ke zuwa da kwalbarsa a auna masa, suna ganin sabon abu ne. Mu kuwa da haka muka taso. Goron da ya tara kakanninmu a Kumasi cikin huhu da ganye ake ɗaure shi har ƙasar Hausa. Wake da shinkafa a ganye ake zuba shi, yaro kuwa idan aka aike shi sayen koko da kwano yake tafiya. Olonka tana nan har gobe a gaban masu masara da gero da gari. Abin da ya ɓace kawai shi ne mazubin da mai saye ke zuwa da shi.

Musulunci bai bar wannan fage ba. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana almubazzaranci. Hadisin rassan imani da Muslim ya ruwaito ya lissafa gusar da abin cutarwa daga hanya a cikinsu. To, ina ga wanda da hannunsa ya jefa shi?

Sai dai a yi adalci. Ba kowa ne ke sayen ƙulli don sakaci ba. Wanda yake samun na yau ya ci yau ba shi da kuɗin buhun shinkafa mai kilo 50, kuma wa'azi ba zai sa masa shi a aljihu ba. Maganin wannan yana cikin yadda muke zaune. Gidajen zango manya ne, iyalai da yawa a tsakar gida ɗaya, kuma iyayenmu mata sun ƙware a susu, wato adashi. Idan ɗaki biyar suka haɗa kuɗi suka ɗauko buhu ɗaya da galan ɗin mai na lita 25, kowa ya zo da bokitinsa da kwalbarsa, an sayi kaya a farashin sari, kuma babu ledar da ta shigo sai buhun, wanda shi ma yana da amfani. A nan ne amana take shigowa. A yi rabon a gaban kowa, da ma'auni ɗaya, domin olonka ba duka ɗaya ba ce, wata an bubbuga gindinta ya shige ciki. Sura guda aka saukar kan masu tauye mudu, Suratul Muɗaffifin, kuma hukuncinta bai tsaya ga 'yan kasuwa ba. Ya shafi duk wanda aka damƙa wa rabo.

Maganar ruwa ta fi wuya. Fiya wata ta samu karɓuwa ne saboda dalili: a da, da kofi ɗaya ake sayar wa kowa ruwan sanyi, kuma cuta na bin wannan hanya. Saboda haka ba mu ce a koma can ba. Amma a yi lissafi: gida mai mutum 20, kowa ya sha leda 4 a rana, leda 2,400 ke nan a kwana 30. Babbar gorar ruwa da ake mayarwa a sake cikawa, ko ruwan famfo da aka tafasa aka adana a mazubi mai murfi, zai rage wannan sosai, ɗalibi kuma ya tafi makaranta da gorarsa.

Sake amfani da mazubi yana da sharuɗɗa. Galan ɗin da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi bai dace da abinci ba ko an wanke shi sau goma. Masara da gyaɗa idan ba su bushe ba suna yin funfuna mai dafi da ke illata hanta, don haka kada a sayi abin da ya fi ƙarfin ajiyar gida. Manja kuma a saya wurin wanda aka sani, domin a 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta gano ana zuba masa rinin Sudan IV don ya ƙara ja.

Kwamitocin masallatai na da nasu rabon, musamman a Ramadan, lokacin da ake raba kokon buɗa-baki a ɗaruruwan ledoji kowace yamma. Babbar tukunya ɗaya, kofunan silba, da matasa biyu masu wanke su da sabulu da ruwan zafi bayan Magariba sun wadatar. Kuɗin ledar wata guda ma yana iya sayen kashin farko na kofunan, kuma su za a sake fitowa da su a azumin baɗi.