Haɗa Murhu da Tukunyar Gas: Gargaɗi ga Direbobi da Masu Sayar da Abinci

A garin Gombe, musamman a tashoshin mota irin su Tashar Dukku da Tashar Dadin Kowa, masu shayi da masu tuwo da direbobin manyan motoci da yawa sun koma dafuwa da gas maimakon itace da kananzir. Wannan ci gaba ne, kuma tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin shekara 10 na bunƙasa amfani da gas. Amma wajibi ne jama'a su sani cewa wurin haɗa murhu da tukunya nan ne haɗari ya fi aukuwa.

Gas ɗin da ke cikin tukunya a matse yake ƙwarai. Ƙananan tukwane masu kilo 3 da kilo 6 ana ɗaura musu kan murhu ne kai tsaye. Amma tukunya mai kilo 12.5 dole a sa mata na'urar rage ƙarfin gas, wato regileta, sannan a ja tiyo zuwa murhu. Kada a yi amfani da tiyon ruwa, domin gas yana cinye shi. A ɗaure bakin tiyo biyu da zoben ƙarfe, ba da tsumma ko robar taya ba.

Bayan an haɗa, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. In kumfa ya riƙa tasowa, to, gas na zurara: a rufe nan da nan. Kada a kuskura a gwada da ashana.

Gas ya fi iska nauyi, saboda haka in ya zurara ƙasa yake kwantawa. Dalilin da ya sa ke nan ba a girki a cikin mota ko a ƙarƙashinta. A sauke tukunya, a tsayar da ita a fili, nesa da tankin mai. Kuma a ajiye ta a inuwa, tun ba a watannin Maris da Afrilu ba, lokacin da zafi kan kai awo 40, domin zafi na ƙara matsin gas.

In an ji warin gas, a kashe wuta, a rufe tukunya, a nisantar da mutane. Wanda ya kiyaye waɗannan ƙa'idoji ya tsare ransa da dukiyarsa da na maƙwabtansa.