Dasa ganyaye masu ƙamshi a garka don rage ɓarnar ƙwari

Duk mai noman rani, daga Jiratawa zuwa Galmi, ya san wahalar ƙwari: tsutsa tana huda tumatur, darɓa tana nannaɗe ganyen shu. Maganin feshi yana da tsada, kuma idan aka tsinke kaya kafin ƙarfinsa ya wuce, gubar tana shiga tukunyar iyali. Akwai wata dabara mai sauƙi da za ta rage yawan feshi, wato haɗa shuke-shuke a fangali ɗaya.

Ƙwari da yawa suna gano abincinsu ne ta hanyar ƙamshi da launin ganye. Idan garka duka shu ce, malam-buɗe-littafi da ke saka ƙwai ba ya shan wahalar nema. Amma idan akwai layin albasa, tafarnuwa ko ɗoɗɗoya a tsakani, ƙamshin yana cuɗewa, sai ya rikice, ƙwan da zai saka su ragu.

Akwai wani amfani na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan aka bar ɗoɗɗoya ta yi fure, tana jawo ƙudan zuma da ƙananan zanzaro masu kashe tsutsa. Haka kuma ƙaramin ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo a baya, abincinsa darɓa ne. Waɗannan abokan manomi ne, kuma feshi barkatai su yake fara kashewa. Na sha ganin mai garka yana murƙushe su da hannu, yana zaton maƙiya ne.

Ku dasa ɗoɗɗoya a bakin fangalin tumatur, ku bar tazara don kada ta yi masa inuwa. Ku sa layin albasa ko tafarnuwa tsakanin layukan shu da na karoti. Na'ana'a kuwa sai an yi hattara da ita, domin saiwarta tana yaɗuwa har ta mamaye fangali. Gara a dasa ta cikin tsohon bokiti, a ajiye a gefe. Kada ku dasa tumatur, tattasai da yalo wuri ɗaya shekara bayan shekara: dangi ɗaya ne, ƙwarinsu da cututtukansu ɗaya.

Sai dai kada a ɗauka wannan dabara ta kawar da kowane ƙwaro. Tsutsar Tuta absoluta, wadda ta fito daga Kudancin Amurka ta iso Nijar wajajen 2013, ƙamshin ɗoɗɗoya kaɗai ba ya tsayar da ita. Ku riƙa duba bayan ganye sau biyu a mako, ku tsinke wanda ya kamu ku binne shi. Idan ɓarna ta ƙaru, ku fesa jiƙon ƴaƴan bedi da ɗan sabulu da yamma, sannan ku nemi shawarar malamin gona.

Bana ku fara da fangali biyu, ɗaya a haɗe, ɗaya yadda kuka saba. Ku rubuta ranar dashe da yawan abin da kuka tsinka daga kowanne, ku kawo littafin aji mu duba tare.